ZAUREN ILMI: Kafin Ka Sayi Keke, Dubi Ƙashinsa

 

A wannan karo za mu yi magana ne a kan keke. Duk lokacin da aka kusa komawa makaranta, za ka tarar magidanta sun yi cincirindo wurin masu sayar da kekunan gwanjo, waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Turai da Amurka da Japan. Mai saye zai dubi fenti, ya ƙirga giya, ya matsa taya da yatsa, ya kaɗa ƙararrawa, sa'an nan a shiga ciniki. Da wuya ka ga wanda ya ja da baya ya dubi ƙirar firam ɗin, watau ƙashin keken, alhali kuwa shi kaɗai ne ba a iya sakewa. Taya da sarƙa da sirdi da birki duk ana canza su idan sun mutu. Firam kuwa yadda aka ƙera shi haka zai zauna har ya ƙare, kuma shi ne zai nuna ko keken zai ɗauki kaya ya yi nisa, ko kuwa bayan wata uku a jingine shi a zaure. Kuɗin keke ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, saboda haka wajibi ne mu san abin da muke saya.

Turawa suna da wani irin keke da suke ƙerawa musamman domin doguwar tafiya da kaya. Mutum zai ɗaura tanti da tukunya da tufafi a jikin keken, ya yi sati ko wata ko shekara yana ratsa ƙasashe. A Ingila tun cikin 1878 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu. Mai karatu yana iya cewa, to mu ina ruwanmu da masu yawon buɗe ido? Ai abin da matafiyin nan yake nema ga kekensa shi muke nema ga namu: ya ɗauki kaya, ya jure mummunar hanya, kada ya karya wa mutum baya, in ya lalace kuma a iya gyara shi a ƙauye. Ɗalibin da yake yin kilomita 8 zuwa makaranta da 8 dawowa, a sati ya yi kilomita 80, a zangon karatu mai sati 13 ya haura 1,000. Shi da manomi mai ɗauko doya daga gona da mai tallar burodi duk 'yan doguwar tafiya ne, ko da ba su taɓa fita daga gundumarsu ba.

ASALIN ƘIRAR

Kekunan da aka yi yayi a Turai kafin wanda muka sani suna da ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya. Mahayi yana can sama, da zarar ya ci karo da dutse sai ya sha ƙasa ta ka. Cikin 1885 ne wani maƙeri a birnin Coventry na Ingila, John Kemp Starley, ya fito da keke mai suna Rover, wanda ƙafafunsa biyu suke kusa da juna a girma, sarƙa kuma tana juya ta baya. Cikin 1888 John Dunlop ya kawo taya mai iska. Kafin shekara ta 1900 firam ya zauna a kan siffar da muke gani har yau, watau alwatika biyu da suka haɗa baya.

Dalilin zaɓen alwatika kuwa kowane ɗan firamare zai iya gwada shi. Sami kara huɗu ka haɗa bakinsu da ƙusa, ka danna kusurwa ɗaya, za ka ga sun karkace. Haɗa kara uku ka danna, ba za su motsa ba sai dai su karye. To alwatikan gaba na keke ya ƙunshi sandar sama, da sandar ƙasa wadda ta gangaro daga wuya, da sandar da sirdi yake shiga. Na baya kuwa siraran sanduna ne, biyu sun taso daga gindin feda, biyu sun sauko daga ƙarƙashin sirdi, duka suka haɗu a kan ƙarfen tsakiyar ƙafar baya. Shekara sama da 120 ke nan maƙera suna aiki da wannan siffa. Abin da suka yi ta sakewa shi ne tsawon sandunan da kaurinsu da karkatarsu, kuma a nan ne duk bambancin keke da keke yake.

ƘIRAR DA, GIDA UKU

Gida na farko shi ne wanda iyayenmu suka sani, baƙin keken Raleigh mai tambarin kan zalɓe, wanda aka fara ƙerawa a Nottingham a ƙarshen shekarun 1880. Ya karɓu a Afirka ta Yamma har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Ƙafarsa inci 28 ce, birkinsa na sanda, sandar samansa a miƙe take sak kamar an sa ma'aunin magina, wani ma sanda biyu gare shi domin kaya. Nauyinsa yakan kai kilo 20. An tsara shi ne tun zamanin da yawancin hanyoyin Ingila ba su da kwalta, shi ya sa ya dace da namu. Flying Pigeon na Tianjin da aka fara cikin 1950, da Phoenix na Shanghai na 1958, da Hero na Ludhiana a Indiya na 1956, duk wannan ƙira suka bi. Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham cikin 2002, amma ƙirarsa tana nan tana ɗaukar gawayi da jarkokin ruwa a arewacin Ghana.

Gida na biyu na Faransa ne. Cikin shekarun 1930 Faransawa suka riƙa shirya wata gasa wadda keke ake gwadawa, ba mahayi ba. A bi da kekuna ta mugayen hanyoyin duwatsu kwana da kwanaki, wanda ya fi rashin nauyi ya sami maki, wanda wani abu ya karye ko ya kwance a jikinsa a rage masa. Daga nan ne maƙera irin su René Herse da Alex Singer suka yi suna. Kekunansu suna da faffaɗar taya, madigadi da fitila da kariya duk an tsara su tare da firam tun farko, kuma a gaba suke ɗora kaya, bisa ƙafar gaba.

Gida na uku shi ne na Ingila da Amurka na baya-bayan nan. Cikin 1935 kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da bututun ƙarfe mai lamba 531, mai ƙarfi da rashin nauyi, wanda bakinsa biyu suke da kauri tsakiyarsa kuwa siririya. Da irinsa aka yi ta ƙera Dawes Galaxy, wanda ya fito cikin 1971 ya yi kusan shekara 50 a kasuwa. A Amurka, cikin 1976, mutum wajen 4,000 suka shiga wata tafiyar keke ta bikin cikar ƙasar shekara 200, abin da ya sa kasuwar irin wannan keke ta buɗe, har Trek ya fito da samfurin 520 cikin 1983. Mutanen wannan gida a baya suke ɗora kaya, cikin jaka biyu da suke ratayawa dama da hagu na kariya. Duk wanda ya san mangalar jaki ya san wannan dabara, domin da ita kakanninmu fatake suka yi ta jigilar goro daga Salaga zuwa Kano.

AWO HUƊU DA ZA A SANI

Tef ɗin tela ya isa a auna yawancin abin da za mu faɗa.

Na ɗaya, tsawon keke daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ƙafar baya. Keken tsere, irin wanda ake hawa a gasar Tour du Faso ta maƙwabtanmu Burkina, bai cika wuce mita 1 ba. Keken doguwar tafiya yakan kai santimita 104 zuwa 107. Baƙin keken iyayenmu kuwa yana kaiwa 115 har ya ɗara. Dogon keke yana tafiya sambai, ba ya firgita da rami, kamar yadda dogon kwalekwale ya fi gajere natsuwa a kan ruwa. Gajere ya fi saurin shan kwana, abin da ɗan tsere yake so ke nan, amma mai buhun masara ba shi da bukatarsa.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci ga mai kaya, tsawon baya, watau daga gindin feda zuwa tsakiyar ƙafar baya. A keken tsere santimita 40 ne ko 41. A keken doguwar tafiya 44 ne zuwa 47. Wannan 'yar tazara ta yatsu uku ko huɗu tana aiki biyu. Tana hana diddigen mahayi bugun kaya duk sa'ad da feda ta zagayo. Sa'an nan tana sa nauyin kaya ya zauna bisa ƙafar baya ko gaba da ita kaɗan. Idan bayan keke gajere ne, tilas a tura kaya can baya don a tsira da diddige, daga nan sai keken ya zama sikeli, baya ya danne, gaba ya yi sakayau. A kan gangara ko cikin yashi ƙafar gaba sai ta daina kama ƙasa, kuma haka ake faɗuwa.

Na uku, karkatar wuyan keke. Idan ka tsaya daga gefe za ka ga wuyan bai tsaya cak ba, ya ɗan kwanta baya. A keken tsere kusurwar digiri 73 ce ko 74, a na doguwar tafiya 71 ko 72, a baƙin keke kuwa wajen 67. Wannan karkata, tare da lanƙwasar da aka yi wa fok zuwa gaba, su ne suke haifar da wani abu da ido ba ya gani. A ce ka ja layi ya bi ta cikin wuyan keke har ya taɓa ƙasa. Layin nan zai sauka gaba kaɗan da inda taya take taɓa ƙasa. Ashe ke nan tayar gaba bin baya take yi, kamar 'yar ƙafar kujerar ofis ko ta gadon asibiti, wadda duk inda aka tura sai ta juya ta bi. Wannan tazarar bin-baya tana daga cikin abin da yake sa keke ya miƙe da kansa, har yaro ya saki hannu yana alfahari. A yawancin kekuna santimita 5 da rabi ce zuwa 6 da rabi. Faransawa masu ɗora kaya a gaba sukan ƙara lanƙwasar fok su rage ta zuwa 3 ko 4, domin kada nauyin kaya ya riƙa fizgar kan keke. Darasin a nan shi ne, keken da aka tsara don kayan baya, idan aka ɗaura masa babban kwando a gaba aka cika, kansa zai riƙa faɗawa gefe da zarar an rage gudu. Har wa yau, wanda ya sa wa kekensa fok ɗin wani keke dabam ya sake wannan lissafi duka bai sani ba.

Na huɗu, nisan gindin feda daga ƙasa. A keken doguwar tafiya wajen santimita 27 ne, a keken hawan dutse yakan kai 30 ko fiye. Na ƙasa ya fi sauƙin sauke ƙafa idan an tsaya da kaya. Na sama ya fi tsallake kututture da dutse, sai dai mahayi yana can bisa, tsayawa da kaya takan zama kokawa.

ABIN DA ZAMANI YA SAKE

Sauyin farko da ido zai gani shi ne sandar sama. A da a miƙe take, yanzu a yawancin kekuna ta gangaro daga wuya zuwa sirdi. Wannan ya bazu ne daga kekunan hawan dutse, waɗanda suka shiga kasuwa sosai bayan fitowar Specialized Stumpjumper cikin 1981. Cikin shekarun 1990 kuma wani Bature ɗan Ingila, Mike Burrows, ya tsara wa kamfanin Giant na Taiwan keken tsere mai irin wannan gangara, sauran kamfanoni suka bi sahu. Amfanin abin a fili yake. Mahayi yana iya dirowa ya tsaya da ƙafa biyu ba tare da sanda ta buge shi ba, kuma ana iya ɗaga wuya sama yadda kan keke zai yi daidai da sirdi, mutum ya daina doro. Dukanmu mun ga yaran da suke zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar Phoenix suna tuƙi a karkace, domin keken ya fi ƙarfinsu. Gangararriyar sanda ta yi maganin wannan. To amma kada mu manta kamfani ma ya ci riba. A da sai an ƙera firam girma-girma da yawa, yanzu ƙarami da matsakaici da babba sun wadatar, a cike gurbi da doguwar sandar sirdi. Doguwar sandar sirdi kuwa, idan aka zaro ta ta wuce layin da aka zana a jikinta, ita take tsaga firam.

Sauyi na biyu shi ne kaurin bututu. Ƙirar da tana da sandar sama mai faɗin milimita 25.4, watau inci 1, da sandar ƙasa mai 28.6. Na yanzu sukan zama 28.6 da 31.8, wasu ma fiye. Ga ɗan lissafi ga ɗalibanmu na sakandare. Idan kaurin bangon bututu bai sake ba, taurinsa yana ƙaruwa ne da ninkin faɗinsa sau uku a kan kansa. Raba 28.6 da 25.4 ka sami 1.126, ka ninka shi a kansa sau uku ka sami 1.43. Ashe ƙarin milimita 3 kacal ya ƙara tauri da kashi 43 cikin 100. A nan zamani ya yi gaskiya. Tsofaffin kekunan doguwar tafiya masu siririn bututu, musamman manyan cikinsu, idan aka yi musu lodi aka saki gangara, wani lokaci kansu yakan kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. In hakan ya faru da kai, matse sandar sama da gwiwoyinka ka ja birki a hankali.

Sauyi na uku shi ne abin da ake ƙera firam da shi, da yadda ake haɗa shi. A da ƙarfe ne, ana zura bakin bututu cikin soket kamar yadda mai famfo yake haɗa fayif, a narka tagulla ta bi ta liƙe. Yanzu walda ake yi kai tsaye, kuma kekuna da yawa na alminiyam ne, masu tsada kuwa na zaren kabon. Alminiyam nauyinsa sulusin na ƙarfe ne, amma taurinsa ma sulusi ne, shi ya sa bututunsa yake da ƙiba. Matsalarsa gare mu ita ce gyara. Firam ɗin ƙarfe in ya tsage, mai walda na bakin kasuwa zai liƙe shi, in dai ya yi hankali da wuta, domin bangon bututu mai kyau bai kai milimita 1 ba. Na alminiyam kuwa yana bukatar na'ura ta musamman, kuma yawancinsa sai an sake gasa shi cikin tanda bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Tsagaggen firam ɗin alminiyam a ƙauye sai dai a kai wa masu narka tukwane.

Sauyi na huɗu ya shafi taya da birki da giya, waɗanda firam ne yake ba su wuri. Tsohon keken Ingila na doguwar tafiya tayarsa milimita 32 ce, na yanzu yana ɗaukar 40 zuwa 50, wadda ta fi dacewa da hanyar burji da yashi. Abin mamaki, faɗin da Faransawa suke amfani da shi tun shekarun 1930 ne aka komo wa. Birkin sanda a kan rim ɗin ƙarfe ba ya kamawa sosai idan ruwa ya jiƙa shi, birkin faifai na yanzu kuwa yana kamawa damina da rani, sai dai samun takalminsa a ƙauye aiki ne. Ta wajen giya, keken shekarun 1970 mai giya 10 mafi sauƙin giyarsa haƙori 42 ne a gaba da 28 a baya, watau feda ta zagaya sau ɗaya, ƙafa ta zagaya sau ɗaya da rabi. Na yanzu yana da 26 a gaba da 34 a baya, ƙafa ta yi kashi uku cikin huɗu na zagaye kawai. Wanda ya taɓa tura keke da kaya a hawan Mampong ko na Nakpanduri ya san darajar wannan bambanci.

ABIN DA BAI SAKE BA

Duk da wannan sauye-sauye, ainihin awon yana nan inda yake. Cikin 2004 kamfanin Surly na Amurka ya fito da keken Long Haul Trucker, wanda masu zaga duniya suka yi ta saye. Da me aka yi shi? Ƙarfe. Tsawon bayansa? Santimita 46, daidai da na kakanninsa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa cikin 2005, da ta tashi ƙera keke domin karkarar Afirka, sai injiniyoyinta suka fito da Buffalo: firam na ƙarfe mai nauyin gaske, da kariya mai ɗaukar kilo 100, suka sassauto da sandar sama domin mata da yara su iya hawa. Watau baƙin keke ne aka gyara masa inda yake da rauni. Ko masu haɗa firam da gora a Kumasi, alwatika biyun nan suke bi.

Tarihin matafiya ma shaida ne. Cikin 1963 wata 'yar ƙasar Ailan, Dervla Murphy, ta hau keke daga Turai har Indiya, bayan ta sa an cire masa giya don gudun lalacewa a hanya. Bajamushe Heinz Stücke ya bar garinsu cikin 1962, ya yi shekara sama da 50 yana zaga duniya, ya yi fiye da kilomita 600,000, mafi yawansu a kan wani nannauyan keken ƙarfe mai giya 3. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma fa sai zumar ba ta lalace ba. Wannan ya kawo mu ga ranar ciniki.

RANAR CINIKI

Da farko shafa ƙarƙashin sandar ƙasa da ta sama, dab da wuya. Idan ka ji kumburi ko ka ga fenti ya yamutse, keken ya taɓa yin karo, ka bar shi. Dubi fok daga gefe, samansa ya bi layin wuya, in ya koma baya to ya lanƙwashe. Ɗaura zare a maƙalin ƙafar baya na dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo da shi maƙalin hagu, sa'an nan ka auna tazarar zare da sandar sirdi ta kowane gefe. In ba su yi daidai ba firam ya karkace, kuma zai riƙa cin taya yana ja gefe ɗaya. Kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, domin ta alminiyam takan manne cikin firam ɗin ƙarfe har abada. Duba tsatsa a gindin feda, musamman ga keken da ya zauna a bakin teku. Nemi 'yan hujojin ɗaura kariya kusa da ƙafar baya, in babu su ba a yi keken don kaya ba.

Bayan haka karanta lambar da take jikin taya, wadda aka rubuta kamar 40-635 ko 47-559. Lamba ta biyu ita ce faɗin rim a milimita. Baƙin keke 635 ne, keken hawan dutse mai inci 26 shi ne 559, yawancin na Turai na yanzu 622, tsoho mai inci 27 kuwa 630, da yawa daga na Japan masu kwando 590. Ko ɗaya ba ya shiga na wani. Bambancin 630 da 622 milimita 8 ne kawai, amma ya isa ya ajiye keke wata shida. Tambayi mai faci na unguwarku wace taya ake samu kafin ka biya.

Daga ƙarshe, wanda zai hau keken shi zai gwada, ba wanda zai biya ba. Ya tsaya da sanda tsakanin ƙafafunsa, a sami sararin yatsu biyu ko uku. Ya zauna ya ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarsa ta miƙe. Kada a saya wa yaro keken da ya fi shi wai zai girma ya tarar da shi, domin kafin ya girma ɗin shi ne zai bi titi tare da manyan motoci.

Idan aka ce mu ba da shawara, ga ta. Mai kaya masu nauyi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya riƙe baƙin kekensa, ya kula da birki. Ɗalibi da malami da duk mai tafiya mai nisa, ko mai hawa da gangara, ya nemi tsohon keken hawan dutse na ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, na ƙarfe, mai sandararren fok marar sifirin, mai taya 559. Wuyansa wajen digiri 71 ne, bayansa santimita 43 ko fiye, yana da giyar hawa, yana da hujojin kariya. Keken doguwar tafiya ne a cikin wata riga, kuma sau da yawa yana can ƙarshen layi fentinsa ya koɗe, masu saye suna wuce shi suna rububin mai sifirin gaba da baya, wanda sifirin ɗinsa na araha zai saki kafin shekara ta zagayo, kuma babu inda za a ɗaura masa kariya. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Muna roƙon 'yan'uwanmu malamai su kawo keke cikin aji ranar darasin kusurwa da alwatika, su ba yara tef su auna. Iyaye kuma su tafi kasuwa da zare da tef a aljihu. Wanda yake da tambaya ko ƙarin bayani, musamman masu gyaran keke da suka daɗe a sana'ar, ya aiko ta hannun edita, za mu buga a wannan fili.

Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana yaranmu. Mu huta lafiya.